Farashi da Sabunta Yarjejeniya a Asurans ɗin Mota: Abin da Kundin CIMA Ya Ce da Abin da Ake Gani a Yamai

Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda ake yanka wa mai mota kuɗin asurans a birnin Yamai, da yadda ake sabunta masa yarjejeniya in wa'adinta ya cika, sa'an nan mu nuna wuraren da hanyoyin da ake bi suke da alamar tambaya. Mun zaɓi kalmar asurans saboda ita ce a bakin direbobi da 'yan sanda da masu mota a Nijar. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna cewa inshora, abu ɗaya ne.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kukan tsada da aka saba ji ba shi ne babbar matsala ba. A Yamai mai mota yakan sayi takarda bai san abin da ta ƙunsa ba, ya sabunta ta bai ga yadda aka yi lissafi ba, kuma sau da yawa arhar da yake murna da ita wani ne zai biya ta daga baya, wato wanda mota ta buge. Ba mu ɗora laifi a kan wani kamfani da sunansa ba. Muna magana ne a kan tsari, da kafofin da ke cikin dokar kanta.

1. Asalin dokar da ake aiki da ita

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta ci gaba da aiki da dokar Faransa ta 13 ga Yuli 1930 a kan yarjejeniyar asurans, kamar sauran ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa. Kasuwar tana hannun rassan kamfanonin Faransa kafin a kafa na gida, irin su LEYMA a ƙarshen shekarun 1970 (sunan ya dace, laima ce), daga baya kuma UGAN da ta koma SUNU, da CAREN, da NIA, da wasunsu. A shekarun 1980 kamfanonin yankin da dama sun shiga halin ƙaƙa-nika-yi, musamman a fannin mota, saboda kotuna suna yanke diyyar da ba ta da iyaka alhali kuɗin da ake karɓa bai taka kara ya karya ba.

Wannan ne ya sa ministocin kuɗi suka sa hannu a kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992. Kundin doka guda da ta haifar ya fara aiki ranar 15 ga Fabrairu 1995, shekara ɗaya da 'yan makonni bayan karya darajar sefa na Janairu 1994, wanda ya ninka kuɗin kayan gyaran mota da ake shigowa da su. Mazaunin ƙungiyar yana Libarbil, tana da ƙasashe 14, kuma tana da hukumar sa ido ta yanki, CRCA, mai ikon karɓe izinin aiki daga kamfani. A nan gida, ofishin sa ido kan asurans na Ma'aikatar Kuɗi shi ne idonta.

Aya ta 200 ta kundin ita ce tushen kome. Ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, ban da gwamnati, ya yi asurans a kan ɓarnar da abin hawan zai iya yi wa wasu. A lura da kyau: wasu. Wannan asurans ta dole ba ta biyan gyaran motar mai ita, ba ta kuma biyan direban da ya ji rauni. Tana biyan mai tafiya a ƙasa, da fasinja, da mai ɗayar motar. Iyalin direba ma ana lissafa su cikin wasu. Mun sha jin masu mota suna cewa sun shekara goma suna biya ba a taɓa gyara musu ko fitila ba. Gaskiya ne, amma ba abin da suka saya ba ke nan, kuma ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu.

Tun daga nan dangantakar ta karkace. Mutum ya sayi abu don dole, amfaninsa na wani ne, kuma ga masu ganin akwai shubuha a cikin asurans ta fuskar addini (sai a 2019 CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful). Saboda haka yawancin jama'a suna ɗaukar ta tamkar wani haraji, takarda ce da ake nuna wa ɗan sanda a bakin Gadar Kennedy ko jandarma a hanyar Doso. Wanda ke sayen takardar wucewa kuwa ba ya tambayar inganci, arha yake nema.

2. Yadda ake yanka farashi

Aya ta 212 ta ce kamfanoni suna da 'yancin yanka farashinsu, da sharaɗin kada ya gaza mafi ƙanƙantar farashin da hukumar sa ido ta amince da shi ga kowace ƙasa. Wato doka ta sa ƙasa, ba ta sa rufi ba. Ta ambaci ma'auni uku: yankin da motar ke zirga-zirga, da siffar motar da aikin da take yi, da sana'a da halin wanda ya saba tuƙa ta. A aikace, abin da ma'aikacin kanta yake dubawa shi ne ƙarfin inji kamar yadda aka rubuta a takardar mallakar mota, da ko fetur take sha ko gazuwal, da yawan wuraren zama, da rukunin aiki: ta hawan kai ce, ta ɗaukar kayan mai ita ce, ta ɗaukar kayan jama'a ce, ko ta haya ce irin taksi da faba-faba da manyan motocin fasinja.

Me ya sa doka za ta hana a sayar da arha? Amsar tana cikin yadda sana'ar take. Mai sayar da gero a kasuwar Katako ya san nawa ya sayo buhu kafin ya yi ciniki. Kamfanin asurans kuwa yana karɓar kuɗi yau, sai bayan watanni ko shekaru zai san nawa abin da ya sayar ya ci masa. Saboda haka kamfani yana iya karya farashi, ya tara kuɗi masu yawa, littattafansa su nuna riba, alhali ramin yana nan gaba. Ranar da haɗurra suka fara zuwa neman diyya, ba shi da abin biya, sai ya koma jan ƙafa. Karya farashi tsohuwar cuta ce a yankin CIMA, kuma dalilinta ne ya sa Sanagal da Kodebuwa da Kamaru suka tattara asurans ɗin motocin haya cikin asusun haɗin gwiwa na kamfanoni, don kada kowa ya riƙa zabtare kuɗi yana ƙwace wa ɗan'uwansa ciniki.

Ba kasafai ake karya farashi a fili ba, tun da doka ta hana. Hanyoyin a ɓoye suke. Akwai sauya rukuni: motar da ke jigilar fasinja daga tashar Wadata a rubuta ta a matsayin ta hawan kai. Akwai rage ƙarfin inji ko yawan kujeru a takarda. Akwai kuma rangwamen da aka tanada don mai motoci da yawa, a ba wanda ba shi da su, ta hanyar cusa motarsa cikin jerin motocin wani. Mai mota yakan ga an yi masa alheri. Abin da ba a gaya masa ba yana cikin aya ta 18 da ta 19. In an tabbatar da gangan ya faɗi ƙarya, yarjejeniyar ta ɓaci, kuɗin da ya biya kuma sun zama na kamfani. In ba da gangan ba ne aka kuma gano bayan haɗari, ana rage diyya gwargwadon abin da ya biya a kan abin da ya kamata ya biya. Aya ta 210 ta kare wanda aka buge daga wannan ragi, kamfani zai biya shi cikakke, amma tana ba kamfanin damar ya juyo kan mai motar ya nemi a mayar masa. Sa hannun da ke kan takardar bayani na mai mota ne, ko da dillali ne ya cika ta. Wannan shi ne wurin da muke ganin rashin adalci ya fi tsanani, domin wanda ya san ma'anar ƙaryar shi ne ya rubuta ta, wanda bai iya karanta ta ba shi ne zai ɗauki nauyinta.

Ɗaya ɓangaren na farashi shi ne na gajeren wa'adi. Direban taksi ko ƙaramin ma'aikaci ba ya iya fitar da kuɗin shekara gaba ɗaya, sai ya sayi na wata ɗaya ko uku. Bisa al'adar sana'ar, gajeren wa'adi ya fi tsada in aka kwatanta da rabonsa na shekara, kuma duk lokacin da aka buɗe sabuwar takarda ana ƙara kuɗin takarda da haraji a kai. Mu ɗauki lissafi na misali kawai. A ce tsurar kuɗin shekara sefa 60.000 ne, kuɗin takarda kuma 5.000. Mai biya sau ɗaya ya ba da 65.000 kafin haraji. In na wata uku an yanka shi kashi 30 cikin 100 na shekara, wato 18.000, aka ƙara 5.000, mai saye sau huɗu ya ba da 92.000. Bambancin jika 27 ne, kuma talaka ne ya biya shi. Ba mu ce wannan ya saɓa wa doka ba. Akwai hujjar cewa buɗe takarda aiki ne mai cin kuɗi. Amma aya ta 6 ta wajabta wa kamfani ya ba mai saye takardar bayani a kan farashi da abin da aka lamunce da abin da aka cire, tun kafin a ƙulla yarjejeniya, kuma da ana ba da ita yadda ya kamata, da mutum ya ga lissafin nan da idonsa ya zaɓa. Abin da aka fi gani shi ne a faɗa masa jimla da baki, ya ƙirga, a miƙo masa takardar shaida.

Akwai kuma garantin da ake liƙawa a kan ta dole, kamar na kare mai mota a gaban shari'a da na mutanen da ke cikin mota. Wasunsu suna da amfani ƙwarai, na direba ma mun fi ganin ya cancanci a ƙarfafa shi tun da ta dole ba ta rufe shi. Illar ita ce a haɗa su cikin jimla ɗaya, mai saye ya ɗauka duka wajibi ne, kuma in haɗari ya faru bai san yana da haƙƙin da zai nema ba. Garantin da mai shi bai san da shi ba riba ce tsantsa ga mai sayarwa.

3. Sabuntawa

A nan dole mu raba tarihi biyu, kafin 2011 da bayanta.

A tsarin farko, ana iya ba da asurans bashi. Yarjejeniya takan fara aiki ko ba a biya ba, kuma kamfani ba ya iya dakatar da lamuni sai kwana 30 bayan ya aika takardar gargaɗi. Ga yarjejeniyar da ke sabunta kanta, wadda Faransanci ke kira tacite reconduction, sai bashi ya yi ta hawa kan bashi: mutum ya daina amfani da mota ko ya koma wani kamfani, nan kuwa ana ta rubuta masa kuɗin shekara. Kamfanoni suna nuna cinikin da ba su karɓa ba, dillalai suna riƙe da kuɗin da ba su miƙa ba, waɗanda aka buge suna jira. A watan Afrilu 2011 majalisar ministocin CIMA ta gyara aya ta 13, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba na shekarar. Tun daga nan yarjejeniya ba ta fara aiki sai an biya, kuma an hana kamfani ƙulla ko sabunta wadda ba a biya ba. An bar sassaucin kwana 60 ga manyan yarjejeniyoyi, amma an cire mota daga cikinsa. Najeriya ta bi irin wannan hanya daga 1 ga Janairu 2013.

Gyara ne mai kyau, ba mu da ja. Sai dai ya zo da wata kafa da ba a cika magana a kanta ba, kuma ita ce muke son mai karatu ya tsaya a kai.

Aya ta 21 ta ba mai asurans damar soke yarjejeniya bayan shekara, in ya aika wasiƙa mai rajista aƙalla wata biyu kafin cikar wa'adi. Aya ta 14 kuwa ta wajabta wa kamfani, ga yarjejeniya mai sabunta kanta, ya sanar da shi ranar cikar wa'adi da adadin kuɗin da zai biya aƙalla kwana 45 kafin ranar. A da kwana 15 ne. Mu jera ranakun. Yarjejeniya za ta ƙare 31 ga Disamba. Ƙofar sokewa ta rufe a ƙarshen Oktoba. Kamfani yana cikin doka in sanarwarsa ta iso 16 ga Nuwamba. Ke nan mutum yana iya jin sabon farashi makonni biyu bayan damar ƙin sa ta wuce. In ya ga an ƙara masa kuɗi ya ce ba zai biya ba, yarjejeniyar takan mutu da kanta bisa aya ta 13, amma gyaran 2011 ya ƙara wa aya ta 21 cewa kamfani yana iya neman diyya daga wanda bai aika wasiƙar sokewa cikin lokaci ba, an kuma yanka ta kashi 25 cikin 100 na tsurar kuɗin sabuntawa. A misalinmu na ɗazu, jika 15 ne a kan asurans ɗin da bai ci moriyarta ko kwana ɗaya ba. Abin da ya rage masa na kariya shi ne, kamfanin da bai aika sanarwar yadda aya ta 14 ta ce ba, ba shi da bakin neman kome.

Za a iya cewa akwai yarjejeniyoyin da ke ɗauke da sharaɗin da ya ba mutum damar fita in an ƙara farashi. Akwai su. Amma wannan ya danganta da abin da kamfani ya ga damar rubutawa a littafin sharuɗɗansa, littafin da masu mota da yawa ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Za a iya kuma cewa galibin mutanen Yamai gajeren wa'adi suke saye, wanda ke ƙarewa ranar da aka rubuta ba tare da sabunta kansa ba. Wannan ma haka ne. Kafar ta fi shafar ma'aikata masu biyan shekara, da 'yan kasuwa, da makarantu da ƙungiyoyi masu motoci da yawa, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwar.

Sa'an nan ga batun adireshi. Doka ta ce a aika sanarwa zuwa adireshin ƙarshe da aka sani, da wasiƙar da za a sa hannu an karɓa. Adireshin mutumin Yamai akwatin gidan waya ne, galibi na ma'aikatarsa ko na wani ɗan'uwa, wani lokaci ma na ma'aikatar da ya bari tun tuni. Ainihin hanyar da ake samun sa lambar wayar hannu ce. Kundin da aka rubuta bisa tunanin ɗan aiken gidan waya mai kai wasiƙa ƙofar gida yana aiki a garin da ake kwatance da masallaci da gidan mai.

Wannan saɓani na ranaku ba mu kaɗai muka gada ba, daga dokar Faransa ya fito, kuma can an toshe shi. Dokar Chatel ta Janairu 2005 ta tilasta wa kamfani ya tuna wa mutum ranar ƙarshe ta sokewa tare da sanarwar kuɗi. In sanarwar ta zo ƙasa da kwana 15 kafin wannan rana, ko bayanta, yana da ƙarin kwana 20. Dokar Hamon ta Maris 2014 ta wuce nan: daga Janairu 2015, mai asurans ɗin mota yana iya fita duk ranar da ya so bayan shekarar farko. CIMA ta taɓa waɗannan ayoyi a 2011, shekara shida bayan Chatel, amma ta kai wa'adin sanarwa kwana 45 ta tsaya. Da ta kai shi 75, da zancen ya ƙare.

A Ingila abin ya ɗauki wata siffa. Kamfanoni suna jawo sabon mai saye da arha, sa'an nan su riƙa ɗaga masa kuɗi kaɗan-kaɗan kowace shekara, suna dogara da cewa tsoho ko mai yawan hidima ba zai tashi ya nemi wani ba. Daga Afrilu 2017 aka wajabta rubuta kuɗin bara a gefen na bana cikin sanarwar sabuntawa. Ƙungiyar Citizens Advice ta kai ƙara a Satumba 2018, kuma daga 1 ga Janairu 2022 hukumar FCA ta hana a yanka wa tsohon abokin ciniki fiye da abin da za a yanka wa sabo mai irin halinsa. Mun kawo wannan ne don mu nuna bambanci. Can, ana cutar mai zama wuri ɗaya ta hanyar lissafin kwamfuta. Nan, farashi ya fi manne wa mafi ƙanƙanta, kuma abin da mai zama wuri ɗaya ke rasawa shi ne ladan tuƙi ba haɗari. A Faransa doka ce ke rage kashi 5 cikin 100 duk shekarar da mutum bai jawo haɗari ba, ta ƙara 25 in ya jawo. A wurinmu, ko inda tsarin farashi ya tanadi irin wannan ragi, mai sayen wata uku-uku a wurare dabam-dabam ba shi da tarihin da zai nuna, haka kuma direban da ya yi ɓarna a nan yana iya tsallaka titi ya sayi sabuwar takarda tamkar bai taɓa yin kome ba. Mai hankali da mai ganganci kuɗinsu ɗaya.

4. Tsakanin kanta da kamfani

Kaɗan ne ke zuwa babban ofishin kamfani. Ana saye a wurin wakili, ko dillali mai izini, ko ɗan kamasho da ke tsaye kusa da inda ake yin takardun mota. Gyaran 2011 ya hana masu shiga tsakani karɓar kuɗin asurans, sai dai tsabar kuɗin da ba su wuce sefa miliyan 1 a kan yarjejeniya ɗaya ba, su kuma miƙa cikin kwana 30. Asurans ɗin ƙaramar mota ba ta kusanci miliyan ba, saboda haka kusan duk kuɗin wannan fanni ta hannunsu suke bi. Mai cin la'ada a kan kowace takarda ribarsa tana cikin yawan takardu, ba cikin bayani ba. Daga nan ne kuma takardun jabu da na kamfanin da bai san an sayar da su ba suke shigowa. Najeriya, da ta ɗaga kuɗin asurans ta dole na ƙaramar mota daga naira 5.000 zuwa 15.000 a Janairu 2023, ta daɗe tana fama da wannan, har ta kafa rumbun bayanai da ake duba lambar mota a ciki.

Wani tarko kuma yana wurin sayar da mota. Motocin da suka shekara suna shigowa ta Kwatano da Gaya sukan canza hannu sau biyu, sau uku, ana miƙa takardu gaba ɗaya cikin leda. Mai saye yakan duba ya ga saura wata biyar a asurans, ya ji daɗi. Aya ta 41 ta ce yarjejeniyar tana dakatawa da kanta daga kwana na biyar bayan sayarwa. Takardar tana iya wuce shingen 'yan sanda, amma ranar haɗari zance ya canza.

Duk wannan yana ƙarewa a kan wanda ke kwance a asibiti. Kundin 1995 ya ba kamfani wata 12 ya gabatar wa wanda ya ji rauni tayin diyya, kuma an ɗaure lissafin diyya da mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa, wanda a Nijar ya tsaya a sefa 30.047 daga 2012 kafin a kai shi 42.000 a Janairu 2024. Duk ƙarin albashin nan ƙarin diyya ne, saboda haka farashin da bai motsa ba yana ƙara nisa da abin da ya kamata ya biya. A 2014 CIMA ta ɗaga diyya ta kuma sa tarar kashi 5 cikin 100 a kowane wata ga mai jinkirin tayi. A 2016 ta yanke shawarar ɗaga jarin kamfanoni daga biliyan 1 zuwa biliyan 5, mataki-mataki. Doka ba ta tsananta haka a kan abin da ke tafiya daidai.

5. Batun harshe

Mun bar wannan a ƙarshe saboda shi ya fi kusa da aikin sashenmu. Aya ta 7 ta ce a rubuta yarjejeniya da harshe ko harsunan hukuma na ƙasar, da baƙaƙe masu fitowa. Aya ta 8 ta ƙara da cewa sharaɗin da ke ɓata yarjejeniya ko hana diyya ba ya aiki sai an rubuta shi da baƙaƙe masu fitowa ƙwarai. Masu doka sun yi tunanin girman harafi, ba su yi tunanin wanda bai san harshen ba. Ga direban da Hausa ko Zabarmanci yake ji, babban harafi da ƙarami duk ɗaya ne.

Shekara 30 wannan aya tana nufin Faransanci a Nijar. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Yadda za a karanta aya ta 7 bayan wannan sauyi tambaya ce da ta kamata malaman shari'a da na harshe su zauna a kanta tare. Mu dai abin da muka lura shi ne, ko gobe aka ce a fassara, kalmomin ba su zauna ba tukuna. Abin da Faransanci ke kira prime mun ce kuɗin asurans. Échéance mun ce cikar wa'adi. Résiliation mun ce sokewa. Garantie wani wuri mun ce lamuni, wani wuri garanti. Kalmar lamuni a bakin ɗan kasuwa tana iya nufin bashi, kuma a sana'ar da aka hana bashi tun 2011 wannan ruɗani ba ƙarami ba ne. Franchise, wato kason asarar da mai asurans ke ɗauka da kansa kafin kamfani ya fara biya, ba mu ji wata kalma guda da masu sana'ar suka daidaita a kanta ba, kowa da yadda yake kewaye ta.

Ba lalle ne a fara da littafin sharuɗɗa mai shafuka da yawa ba. Takardu biyu ne suka fi taɓa aljihun mai mota, kuma kowace shafi ɗaya ce: takardar bayani ta aya ta 6, da sanarwar cikar wa'adi ta aya ta 14. A ta farko a nuna rukunin da aka sa motar, da tsurar kuɗi, da kuɗin takarda, da haraji, da wane garanti ne dole wane ne zaɓi, da kuɗin shekara a gefen na wata uku. A ta biyu a nuna kuɗin bara da na bana da ranar ƙarshe ta sokewa. Muna ba ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri shawara su fara da tattara kalmomin da dillalai da direbobi suke amfani da su a tashar Wadata da bakin Babbar Kasuwa, da Hausa da Zabarmanci, su kwatanta da abin da takardar Faransancin da ke aljihun direban take cewa.